Tambayi Mai Lambu: Me Ke Fure a Gidajenmu a Ƙarshen Bazara?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wannan karon kusan duk a kan fure suke, kuma ba mamaki, daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Mayu zafi ya kai maƙura a Bauchi da Gombe har ya kan taɓa digiri 40, ana kwana a tsakar gida ana fifita ana duban gabas ko hadari zai taso, amma kuma lokacin ne wasu itatuwan suke zuba furen da basa yin irinsa duk shekara. Waɗanda suka turo hoto kawai ba bayani ku yi haƙuri ku sake turowa, ku faɗi garin da kuke da yadda kuke ban ruwa, hoto shi kaɗai baya isa ta.

Tambaya: Salam Baba mai lambu, dan Allah ina da bogambiliya a jikin katanga ta cikin gida, tun bara waccan na dasa, kullum safe da yamma sai na sa yara sun ba ta ruwa, har kamfa da yuriya da maigida ya rage daga gona na barbaɗa mata, ganye kam masha Allah kore shar amma fure ko ɗaya babu, alhali ta wani kango a layinmu da ba mai kallonta ta yi ja wur har ta zubo kan hanya. Ko hannuna ne ba kyau? Daga wata uwargida, Fadamar Mada, Bauchi.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Hannunki lafiyarsa ƙalau, gata ne ya yi mata yawa, kin shagwaɓa ta irin ta ɗan auta shi yasa taƙi aiki. Ita wannan fulawa asalinta daga Kudancin Amurka take wajen Barazil, kuma ɗabi'arta sai ta ji ƙishi sannan take fure. In tana samun ruwa kullum ga yuriya a gindi toh babu abinda zai sa ta damu, sai ta yi ta miƙa reshe da ganye da ƙaya, dan yuriya abincin ganye ce, shi yasa masara ke sonta. Waccan ta kangon kuwa tun ruwan ƙarshe na Oktoba bata ƙara ganin ɗigo ba, ga rana tana dukanta daga safe har yamma, abinda take so kenan.

Abinda zaki yi, ki dakatar da takin nan gaba ɗaya, ruwa kuma ki bari sai kinga ganyen ya ɗan yi laushi ya sunkuyar da kai da rana sannan ki ba ta ta ƙoshi sosai, ki sake barinta. Wadda ta kafu a ƙasa shekara biyu sau ɗaya a sati ma ya ishe ta a wannan zafin. Sannan ki duba inda take, kin ce katanga ta ciki, in akwai mangwaro ko dogonyaro da ya rufe ta ko kuma inuwar ɗaki na kanta rabin yini toh ko kin hana ta ruwa furen bazai yi yawa ba, tana buƙatar rana ta awa shida ko fiye. Amma in faɗa miki gaskiya bana kam kin kusa makara, da zarar damina ta zauna a watan Yuni sama zata ci gaba da shagwaɓa miki ita, furen ma na waccan ta kangon zai ragu. Ki yi mata aski a ƙarshen damina, ki rage dogayen rassan nan da suka miƙe ba kan gado, tunda a sabon toho take fure, daga Nuwamba ki fara horon ƙishin, in sha Allahu kafin sanyi ya wuce zaki turo mana hoto. In ta yi ki matsa kusa ki duba, wannan jan ko ruwan hodar da ake gani daga nesa mai kama da takarda ganye ne ya rikiɗe, ainihin furen ɗan mitsitsi ne fari a tsakiya, yawanci uku uku suke fitowa.

Tambaya: Malam barka da aiki. Wace bishiya ce wannan da take yin ja gaba ɗayanta yanzu, ina ganinta a tsofaffin makarantu da gidajen gwamnati na da? Na sayi fili 50 da 100 a Tunfure na fara gini, ina so in sa guda biyu a ƙofar gida. Daga wani matashi, Gombe.

Amsa: Allah ya sa albarka a ginin ɗana. Filamboyan kenan, 'yar asalin tsibirin Madagaska, kuma a ganina duk cikin itatuwan da aka kawo mana daga waje ba wadda ta kai ta kyau a watan Mayu. Tana kaɗe ganye da hunturu ta tsaya tsirara da dogayen kwanson nan baƙaƙe masu kai wa kusan ƙafa biyu suna reto, sai zafi ya yi zafi ta fashe da ja tun kafin ganyen ya gama dawowa. In ka tsinci fure ɗaya a ƙasa ka ƙirga, fallaye biyar ne, huɗu ja, na biyar ɗin ya ɗan fi girma kuma yana da fari da ɗigo ɗigon ja da rawaya.

Amma guda biyu a ƙofar fili 50 da 100, a'a, ban baka shawara ba. Ka lura duk inda ka ganta fili ne mai faɗi, ba banza ba. Saiwarta bata nutsewa ƙasa sosai, a sama sama take tafiya tana kumbura, ta ɗaga daɓe ta tsaga katanga ta nemi sokawe, kanta kuma yana buɗewa ya fi tsayinta faɗi, ga reshenta baya da ƙwari, iskar farkon damina ɗin nan mai kwashe kwanon rufi ta kan karya shi. In dole kana so toh guda ɗaya, kuma ka ba ta aƙalla mita takwas zuwa goma daga gini, wanda nasan da wuya ka samu. Kuma ka sani wadda aka shuka daga ƙwaya ta kan yi shekara biyar ko fiye kafin ta fara fure, a watan Maris da kake neman inuwa ido rufe ita kuma bata da ganye.

Da ni ne kai marga zan nema, tamu ta daji, wadda in ka bi hanyar Dass ko ta Alkaleri a wannan lokacin zaka hango ta rawaya zar furen na zubowa zara zara. Bata cika girma ba kuma ta saba da ƙasarmu. Ko kuma firanjifani, mai farin fure da rawaya a ciki mai ƙamshi da daddare, ita reshe kawai zaka karyo wajen wani, ka ajiye a inuwa sati ɗaya ko biyu bakin ya bushe sannan ka kafa a yashi, in ka dasa shi ɗanye da farin ruwan nan a jiki ruɓewa zai yi.

Tambaya: Baba ina wuni. Yayata tana aure a Ingila, kullum sai ta sa hotunan lambunta a WhatsApp, tulif kala kala da wasu manya manya da take ce musu fiyoni, wallahi har raina ya biya. Ta ce in zata zo hutu zata taho min da 'ya'yan tulif ɗin masu kama da albasa. Zasu yi a nan? Daga 'yarka, Gwallameji.

Amsa: Lafiya lau 'yata. Ki ce mata ta taho miki da wani abin daban, nauyin jaka kawai zata ƙara, banda ma shigo da tsiro daga waje sai da izinin hukumar da ke duba tsirrai a filin jirgi.

Su can yanzu ne suke fitowa daga sanyi, shi yasa watan Mayu yake musu daɗi, tulif yana ƙarewa wajen tsakiyar wata sai fiyoni da airis da wisteriya su karɓa, a ƙarshen watan ne ma ake babban bajekolin furanni na unguwar Chelsea a Landan wanda ake yi a wurin tun 1913. A Holan akwai wani lambu Keukenhof da ake binne 'ya'yan fure wajen miliyan 7 duk shekara, kuma sati takwas kacal yake buɗe, daga Maris zuwa Mayu, daga nan an rufe sai baɗi. Kinga ko a can ɗin ma abin na ɗan lokaci ne.

Matsalar tulif ba taki bane ba ruwa bane. Albasar tasa sai ta kwanta cikin ƙasa mai sanyi ƙasa da digiri 9 na tsawon sati 12 zuwa 16 kafin furen da ke cikinta ya yarda ya fito, asalinsa daga duwatsun tsakiyar Asiya yake inda ƙanƙara ke rufe ƙasa, ta Turkiyya ya bi ya shiga Turai. Mu hunturunmu ko ya tsananta da asuba ne kawai, kafin azahar rana ta gasa ƙasa. A ƙasashe masu ɗumi wasu na sa shi a firij wata uku sannan su dasa, ya yi fure sau ɗaya shikenan ya gama, toh ke da irin wutar da muke samu wane firij ne zai riƙe sanyi wata uku ba yankewa? Ga haɗarin wani ya ɗauka albasa ce ya yanka a miya, kuma ba'a cinsa. Fiyoni ma haka, sai da sanyin.

Mu ma fa muna da namu masu kwanciya a ƙasa su jira lokaci, sai dai su ruwa suke jira. Albasar kwaɗi, kin santa ai, duk rani baki ganin komai a wurin, ana yin ruwa biyu masu kyau sai kiga sanda ta ɓullo a bakin fadama da manyan furanni farare masu jan layi a tsakiya, har da ƙamshi. Mutane na raina ta dan a daji take kyauta, amma ki sa ta a babban bokiti ki gani. Ita ma ba'a ci, a nesanta ta da madafi. In kuma ros kike so wannan yana yi, masu fulawa daga Jos suke saro shi inda tudu ya kai wajen mita 1,200 ga sanyi, a nan Bauchi lokacinsa Nuwamba zuwa Fabrairu, yanzu kam furen ƙanana yake yi ya ƙone a gefe, ki kai shi inda rana ta safe kawai zata same shi ki lallaɓa shi ya rayu har damina.

Tambaya: Malam gwandata ta fi ni tsayi, tana ta fure ba ƙaƙƙautawa amma ko ɗa ɗaya bata taɓa riƙewa ba. An ce in buga mata ƙusa a gindi. Sannan lemuna ma furen duk ya zube ƙasa. Daga wani malamin makaranta, Kumo.

Amsa: Malam ka je ka kalli furen da kyau. In kaga dogayen sillaye suna reto daga jikin bishiyar kowanne ɗauke da ƙananan furanni birjik, toh namiji ne, ko buhun ƙusa ka buga masa ba zai zama mace ba, iyakaci wani lokacin ya yi 'yan ƙananan 'ya'ya a bakin sillen da basu taka kara sun karya ba. Ta macen furenta babba ne, ɗaya ko 'yan kaɗan, manne a hammatar ganye, in ka buɗa zakaga 'yar gwandar a ciki tun kafin ta girma. Akwai kuma mai haɗe da duka biyun, ita wannan a tsananin zafi irin na Afrilu ta kan yi ta zubar da fure, in gari ya yi sanyi da ruwa sai ta koma riƙewa, dan haka in furen naka a manne yake ka ƙara haƙuri zuwa Yuli. Nan gaba ka riƙa sa uku a rami ɗaya, in sun fara fure wajen wata biyar ko shida ka bar macen ka cire sauran, namiji ɗaya ya ishi mata goma. Kuma ka yi mata tudu kafin Agusta, ruwa in ya kwanta a gindin gwanda kwana biyu ta tafi.

Lemu kuwa dama haka yake, a cikin fure ɗari da wuya biyu su zama 'ya'ya. Abinda ke ƙara zubar shi ne yau a cika masa ruwa gobe da jibi da gata a manta. Shi ba irin bogambiliya bane, in ya riga ya fara fure so yake danshin ya ɗore, ka zagaye gindin da buntun shinkafa ko busasshiyar ciyawa amma kar ta taɓa jikin itacen saboda gara.

Tambaya: Dan Allah a raba mu gardama. Ina da sarauniyar dare a bayan taga, yanzu ta fara fure duk gidan ƙamshi bayan isha, maigidana ya ce sai an sare ta wai ƙamshin yana kiran macizai. Daga Maman 'yan biyu, Kaltungo.

Amsa: Maman 'yan biyu ki gaida maigida, ki ce masa yana da rabin gaskiya. Maciji ba ruwansa da ƙamshin fure, abinci da mafaka yake nema. Amma ki duba yadda abin yake, furen dare yana tara ƙwari, ƙwari su tara kwaɗi da tsaka, gindin kuma kullum a jiƙe ga duhuwa a lokacin da ko'ina ya bushe ƙayau, toh in maciji ya zo wucewa ina kike so ya kwanta? Ko wace fulawa ce mai duhu a jikin bango haka zata yi, ko da bata ƙamshi. Kuma mutumin Kaltungo in ya yi maganar maciji ba'a yi masa dariya, yankinku da Billiri da Balanga an san su da kububuwa, asibitin masu saran maciji ma a garinku yake, kuma farkon damina da ake shiga gona lokacin ne saran ya fi yawa.

Ba sai an sare ba. A aske rassan ƙasa har sai ana hango gindin tas daga nesa, a share busasshen ganye, a kwashe tulin bulo ko itacen girki in akwai a kusa, a toshe ramukan ɓera, kar yara su je wurin da dare ba takalmi ba tocila. In tsautsayi ya faɗa, Allah ya kiyaye, ba ɗauri ba tsaga ba tsotsa, a ɗauki mutum a kai asibiti nan take. Ni abinda ma ya fi damuna da ita a bayan taga shi ne ƙarfin ƙamshin, mai asma ko mai yawan ciwon kai yana wahala da shi a rufaffen ɗaki, kuma 'ya'yanta farare ƙanana guba ne, ga ki da 'yan biyu.

Tambaya: Akuyata ta ci ganyen wata fulawa mai dogon ganye siriri da fure ruwan hoda, irin wadda ake sawa a tsakiyar titi, kafin yamma ta mutu. Fulawar ce ko ajali? Daga wani dattijo, Azare.

Amsa: Allah ya mayar da alheri Baba. Ajali ne, amma fulawar ce sanadi. Oliyanda ce, tana cikin masu fure sosai a wannan zafin dan bata jin fari, kuma daga ganye har fure har itacen duk dafi ne mai taɓa zuciya, ganye kaɗan ya isa ya kashe akuya, busasshe ma bai bar dafin ba. Yanzu ne abin ya fi faruwa tunda ba ciyawa, dabba duk koren da ta gani sai ta kai baki. Gidan da ake kiwo ko akwai ƙananan yara a cire ta, kar a yi tsinken tsire ko asuwaki da ita, kar a sa a murhu. Akwai 'yar'uwarta mai rawayan fure da yara ke wasa da ƙwallonta, ita ma haka. Kariya ma da muke ji da ita, mai ƙaton gindin nan da ke fure ba ganye, da ruwanta maharba suke haɗa dafin kibiya, in an yanke ta a wanke hannu kar a taɓa ido.

Tambaya: Ni haya nake, ɗaki ciki da falo, ruwa a wajen 'yan garuwa muke saya. Akwai abinda zan iya sawa a bokiti ya yi fure ba tare da ya cinye min kuɗin jarka ba? Daga wata amarya, Pantami.

Amsa: Akwai amarya, Allah ya ba da zaman lafiya. Na farko fotulaka, 'yar ƙaramar nan mai ganye kamar tsinke cike da ruwa wadda furenta ke buɗewa da hantsi ya rufe da yamma, tsinke ɗaya in kika karyo gidan maƙwabta kika soka a ƙasa ya kama. Na biyu binka, mai fallaye biyar fari ko ruwan hoda da ke fitowa ko a tsagar siminti, ita ma 'yar Madagaska ce kuma daga jikinta aka samo wasu magungunan sankarar jini ta yara, amma wannan aikin masana ne a ɗakin bincike, kar wani ya ce miki a dafa a sha. Sai kariya, ita ce ma ta fi dacewa da mai sayen ruwa, kofi biyu a sati ya ishe ta, sai dai ki ɗora ta inda hannun yaro baya kaiwa. In maigidan hayar ya yarda ki sa lalle a lungu, mutane ganyensa kawai suka sani amma furensa ƙamshi gare shi sosai.

Ruwa kuwa ki ajiye roba a wajen alwala, da wanda kika wanke shinkafa ko ganye, wannan kaɗai zai riƙe bokiti huɗu ko biyar. Banda ruwan wanki mai omo ko bilic. Ki huda ƙasan bokitin da kyau, ki haɗa yashi da ƙasa da tsohon kashin shanu wanda ya riga ya huce, ɗanye ƙona saiwa yake. Ban ruwa da asuba ko bayan la'asar, kuma ki ɗaga bokitin daga kan siminti ko da kan katako ne, dan simintin tsakar gida da azahar dafa saiwa yake ta ƙasa.

In zaki saya wajen masu fulawa na bakin titi ki je yanzu ki ga kalar kowacce da idonki tunda suna cikin fure, ki zaɓi wadda saiwarta bata huda leda ta shiga ƙasa ba, amma dashe a ƙasa kar ruwan farko ya ruɗe ki, ya kan yi sau ɗaya ya ɗauke sati biyu ko uku, ki ajiye su a inuwa cikin ledarsu sai ruwa ya zauna a Yuni. Lokacin ne kuma zaki watsa irin ziniya da marigol, kafin wata biyu sun fara fure.